Ruwa Ya Ci Gidan Mai Tukwane

Gidan Inna mai tukwane shi ne na ƙarshe a gangare. Daga shi sai ramin yumɓu, daga ramin sai fadama, daga fadama sai kogi. Ba ita ta zaɓi wurin ba. Tun mijinta yana da rai mutanen tudu suka dame su da ƙorafi, wai hayaƙin gashin tukwane yana shiga musu ɗaki yana ɓata musu shanya, sai aka nuna musu can ƙasa aka ce su je su yi ta hayaƙinsu. Mijin ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suka yi aure a garuruwa masu nisa, gida ya rage daga ita sai ɗanta.

Ƙato ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Ya ba talatin baya, ƙirji kamar ƙofa, in zai shiga ɗaki sai ya sunkuya. Ita kuwa Inna 'yar mitsitsiya ce, har masu sayen tulu sukan tsokane ta su ce ta faɗi gaskiya, a ina ta tsinto shi. Sai ta ce, "A ramin yumɓu na haƙo shi, hannuna ne ya zarce." Ita ba ta ce masa Ƙato. Babana take kiransa, don sunan mahaifinta ya ci.

Shi ke haƙo yumɓu, ya jiƙa, ya tattaka da ƙafa har ya yi laushi, ita kuma ta zauna ta gina tulu da randa da kasko. In ba aikin yumɓu, ya zauna a inuwa yana tufkar igiya. Abu biyu ne ba ta yarda ya matsa kusa da su: wutar gashi da ruwa mai zurfi. Tun yana yaro yake da farfaɗiya. In ta tashi sai ya yi wata irin ƙara ya zube, jiki ya sanƙare, ya yi ta fizge-fizge, kumfa na fita ta baki. In ta lafa ya yi barci mai nauyi, ya farka bai san abin da ya faru ba, sai dai ya ji harshensa ya fashe. Mutanen garin sun ɗauka duk wanda yawunsa ya taɓa shi ma ya kamu. Malamar asibiti ta faɗa ta maimaita cewa ba a ɗauka, amma kamar da bango take magana. Shi ya sa ba shi da aboki, ba wanda ya ba shi 'ya, ko a wurin mai shayi an ware masa kofinsa.

Wasu 'yan ƙwayoyi farare ne suka rufa musu asiri. Duk wata Inna takan haye gada ta je ƙaramin asibitin da ke bakin titi ta karɓo. Muddin yana sha safe da yamma, sai a daɗe ciwon bai motsa ba.

A daminar da abin ya faru, ruwa ya yi ta zuba har waɗanda suka roƙe shi suka koma roƙon ya tsaya. Kogi ya cika ya batse. Daga baya ne Inna ta ji cewa an yi sanarwa a rediyo za a saki ruwan madatsar da ke can sama, wasu ma har saƙo aka turo musu ta waya. Ita ba rediyo, ba waya. Masu hali sun ji, sun kwashe hatsinsu, sun shiga mota sun nufi wurin dangi. Ba wanda ya gangara ya faɗa mata. Ba don mugunta ba, kowa dai ta kansa yake yi, gidanta kuma ba a kan hanyar kowa yake ba.

Da hantsi ne. Tana tsugune tana gyara bakin wata randa da jiƙaƙƙen tsumma, sai ta ga kaji duk sun haye katanga. Ta ji sanyi a tafin ƙafa. Ko da ta duba, ga jan ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ba gaggawa, ba ƙara. Kafin ta miƙe ta ƙwala wa ɗanta kira ya rufe idon sawu. Kafin su fito da tabarma da ɗan buhun hatsinsu ya kai gwiwa. Ɗanyun tukwanen da ta jera a rumfa suna jiran gashi suka riƙa narkewa a gabanta, wuyan tulu ya karye, cikin randa ya zube.

"Inna, bar su. Hau."

Ya durƙusa, ta hau bayansa kamar yarinya, ya ɗora buhun a ka. Sun kai bakin ƙofar gida ta tuna.

"Maganinka! Yana kan taga, cikin gwangwani!"

Ya juya ke nan zai koma, bangon ɗakin ya yi wani nishi ya zauna, rufin ya bi shi. Suka yi tsaye suna kallon ƙura tana tashi daga cikin ruwa.

"Mu je," ta ce.

Tun daga nan har tudu ba ruwan take tsoro ba, wuyan da ta ƙanƙame take saurare. In ciwon ya tashi a nan, ruwa har ƙugu, ba ta da ƙarfin da za ta ɗago ko kansa. Sai ta riƙa kiransa don ta ji ya amsa.

"Babana."

"Na'am."

Can kuma, "Babana."

"Inna, ina jin ki. A kunnena fa bakinki yake."

Makarantar firamare ita ce kaɗai ginin siminti a kan tudu, can kowa ya tsere. Mata da yara sun cika aji biyu, maza sun cika ɗaya, awaki kuma an cusa su a ofis. In ka duba waɗanda suka rage sai ka ga tsofaffi ne, da masu goyo, da 'yan ƙodago da ba su da gonar kansu, da duk wanda ba shi da kowa a birni da zai ce masa taho.

Ƙato ya sauke uwarsa, ya sa ƙafa ɗaya a ajin maza. Surutun da ake yi ya ɗauke ɗif. Mai unguwa, dattijo mai sanyin murya, ya taso ya ja Inna gefe.

"Inna, ba korar ku ake yi ba. Amma kin ga yadda aka cushe, kafaɗa da kafaɗa. In abin nasa ya motsa a tsakiyar mutane fa?"

"Ba a ɗauka, ranka ya daɗe. A gabanka malamar asibiti ta faɗa."

"Na sani. Ni na yarda. To ni kaɗai ne a ɗakin?"

Daga ciki sai tela, wani ɗan tsamurmurin mutum da ke rungume da kan kekensa na ɗinki, ya ɗaga murya. "Malamar asibitin ta zo ta kwanta kusa da shi mana, mu gani."

Wasu suka yi dariya. Ƙato ya janye ƙafarsa a hankali.

Ƙarshen baranda aka nuna masa, ɓangaren da feshin ruwa ke bugowa. Aka ce Inna ta shiga ajin mata, akwai wuri. Ta ce, "In bar wa wa shi?" Ta shimfiɗa tabarmarsu a jikin ginshiƙi. A nan suka tarar da mahauci, wani baƙo da bai daɗe da zuwa garin ba, shi ma ba a yi masa wuri a ciki ba. Ba shi da yawan magana. Ya dube su, ya warware tamfol ɗinsa, ya ɗaura shi yadda zai kare su su uku.

Ruwa ya kewaye tudun ta ko'ina. Labari ya zo cewa gada ta tafi. Hatsin da aka tsira da shi aka riƙa dafawa a haɗe ana rabawa, kullum rabon yana ƙanƙancewa. Yara suka fara gudawa. Inna dai idonta na kan ɗanta. Ta san yadda abin yake in magani ya yanke: zai fara shiru, ya riƙa zura wa wuri ɗaya ido, yana cewa yana jin warin ƙonannen abu alhali ba a ƙona komai ba.

Haka kuwa aka yi. Wata safiya yana riƙe da kwanon abinci ya yi ƙarar nan ya zube. Baranda ta watse, mata suna jan 'ya'yansu suna rufe musu ido. Inna ta tura zanenta ƙarƙashin kansa, ta sa kafaɗa tana ƙoƙarin juya shi ta gefe, ya fi ƙarfinta. Mahauci ya ɗan yi jim, sannan ya matso ya tura tare da ita. Da abin ya lafa wata mata ta kawo ƙasa a faifai ta zuba a wurin da yawun ya zuba, ta jefar da faifan cikin ruwa.

Washegari ya sake tashi, ya fi na jiya daɗewa. Inna ta daina runtsawa. Duk inda ta juya ruwa ne, taku kaɗan daga tabarmarsu. In zai zaga sai ta bi shi ta tsaya a waje tana kiransa, namiji mai gemu. Idanunta suka faɗa.

Ana haka mai kwalekwale ya fara zuwa, yana kwasar waɗanda jikinsu ya yi tsanani zuwa bakin titi, ya dawo da abin da ya samu na agaji. Inna ta shiga ruwa har gwiwa ta riƙe bakin jirginsa.

"Ɗan nan, ka taimake ni ka kai min shi asibiti. Maganinsa ruwa ya ci."

Mai kwalekwale ya dubi Ƙato can a baranda, ya dubi jirginsa. "Inna, kin ga jirgin nan. In ya fizga a tsakiyar ruwa, ni da shi da masu goyon nan duk mun kife. Ke zan ɗauke ki, ba sai kin ba ni komai ba. Ki je ki karɓo masa. Amma shi kam, ki yi haƙuri."

Ta so ta zage shi, ta rasa ta inda za ta fara, don ta san bai yi ƙarya ba.

Ta koma baranda. Ƙato yana zaune yana tufkar igiya da zaren tsohon buhu, don hannunsa bai iya zaman banza ba. Ta karɓi igiyar ta ja, ta ji ƙwarinta, ta zagaya ta a ƙugunsa.

"Inna, akuya kika mayar da ni?"

"Akuya ai ta fi ka jin magana."

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya rage murya. "Mutane suna kallo."

"Su kalla. In sun gaji sa daina." Ta ɗaure ɗaya bakin a ginshiƙi. Ta san ƙullin ba zai gagare shi kwancewa ba, ko yaro ya kwance. Ta kama fuskarsa da hannu biyu. "Babana, ka yi min alkawari. Ko makarantar nan ce za ta kama da wuta, kada ka sauka daga barandar nan sai na dawo."

"Na ji."

"Ba na ji na ce ba."

"Na yi alkawari, Inna."

Ta juya wurin mahauci. "Malam, ga amana."

"Ina nan," in ji shi.

Jirgin ya bi ta kan gonaki. Nan da can kawunan masara ne suka leƙo, ga rufin kwano yana yawo shi kaɗai, ga mushen saniya ya kumbura ya maƙale a reshe. Ta nemi inda gidanta yake ta kasa ganewa, ko'ina ruwa ne iri ɗaya. Ba ta ma damu ba. Wuyanta a juye yake tana kallon makaranta har ta zama ɗigo.

Asibitin bakin titi shi ma ruwa ya kai masa taga. An kafa tantuna a kan kwalta, mutane kwance birjik, wasu ana yi musu ƙarin ruwa an rataye ledar a jikin ƙusa. Inna ta bi layi har rana ta take, sannan ta kai gaban malamar asibiti, wadda ta saba ba ta magani duk wata. Matar ta rame, farar rigarta ta koma ruwan ƙasa.

"Inna! Kuna raye? Ina Ƙato?"

Inna ta faɗa mata. Malamar ta dafe kai.

"Wallahi duk abin da aka kawo mana na gudawa ne da na zazzaɓi, sai gidan sauro. Ba wanda ya tuna da masu irin ciwonsu. Namu na ajiya kuma yana cikin ruwa. Sai babban asibiti, shi ma yanzu sai an yi zagaye mai nisa."

Inna ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba. Ta kama ƙafar matar da hannu biyu. "'Yata, na ɗaure shi da igiya na taho. Da igiya. Kada ki ce in koma hannu rabbana."

Malamar ta bar layin yana ta gunaguni, ta shiga bayan tanti inda aka jibge kwalayen da aka tsamo. Ta daɗe tana bincike, tana zazzage jiƙaƙƙun kwalaye. Can ta fito da kati ɗaya na ƙwayoyin, gefensa ya jiƙe ya dame, sauran da sauƙi.

"Wannan zai ɗan riƙe ku. Ki ba shi da zarar kin isa."

Inna ta ƙulle shi a bakin zane, ta sake ƙullewa, ta ruga bakin ruwa. Amma mai kwalekwale ya ce ba zai tashi ba sai motar agaji ta iso ya yi lodi, ba zai koma wa mutane da jirgi fanko ba alhali suna jin yunwa. Ta roƙe shi, ta yi masa magiya, ya ce ta yi haƙuri. Ta tsaya a nan, ƙafa cikin ruwa, har la'asar ta yi. Wani ya miƙo mata biredi, ta riƙe shi a hannu har ya lanƙwashe ba ta ci ba.

Tun daga nesa ta fara neman ginshiƙin da ido. Da suka matso ta gan shi. Igiyar tana nan a ɗaure, ɗaya bakin yana reto. Ba kowa a kan tabarma. Can bayan makaranta mutane sun yi cirko-cirko.

Ba ta jira jirgi ya tsaya ba. Ta dira cikin ruwa, ta faɗi, ta tashi, ta kutsa. Mutane suka dare mata.

Yana kwance ta gefe a kan wata ƙofa da aka ciro. Leɓunansa sun yi baƙi, numfashinsa yana gurnani kamar ana jan ruwa da tsinke a gindin kofi. Mahauci na durƙushe a kansa, jiƙe sharkaf, jini ya bushe masa a gwiwar hannu.

"Babana. Babana!" Ta jijjiga shi. Ido a rufe.

Mahauci ne ya ba ta labari, kansa a ƙasa. Bayan tafiyarta aka ga ruwa ya fara cin gindin bangon ajin mata ta baya. Maza suka ce a cika buhuna da ƙasa a tare ruwan. To kowa yunwa ta ci shi, mutum biyu suna ɗaukar buhu ɗaya suna tangaɗi. Shi kuma a daidai lokacin aka kira shi, wata saniya ta karye za ta mutu, a yanka kada ta yi mushe. Ya ce wa Ƙato yanzu zai dawo. Yana juya baya aka zo aka tsaya a gaban Ƙato aka ce, ga ƙarfi yana zaune a banza, ya zo ya taimaki 'yan'uwansa.

"Da farko ya ce ya yi miki alkawari," in ji mahauci. "Aka ce masa mata da yara ne a ajin, in bango ya faɗi fa? Sai ya kwance. An ce bibbiyu yake ɗauka, ana yi masa tafi, ana cewa sai Ƙato. Yana ta dariya. Can ya yi ƙara ya kifa cikin ruwa, ruwan iya cinya. Ni ihu na jiyo. Da na iso, Inna, suna tsaye sun zagaye shi, kowa yana cewa a ɗago shi, a ɗago shi. Ba wanda ya sa hannu, sai da na shiga na jawo shi. Ban san tsawon lokacin da ya yi a ciki ba."

"Wallahi da kansa ya taso," in ji tela daga bayan mutane. "Ba wanda ya tilasta shi."

"Ƙarya kake," in ji mahauci, ko ɗago kai bai yi ba. "Kai ka je ka kira shi."

Inna ta miƙe. Ba ta kai kafaɗar kowa a wurin ba. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ta san iyayensu, waɗanda suka sha ruwa a randunanta tun suna rarrafe. Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

"Ashe ƙarfinsa ba a ɗauka. Yawunsa ne kaɗai ake ɗauka."

Ta kwance bakin zane ta fito da ƙwaya ɗaya, ta kai bakinsa, sannan ta gane ba zai iya haɗiyewa ba. Ta tsaya da ita a tafin hannu tana kallo. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ya fita da sauti.

Mahauci ya tashi ya nufi mai kwalekwale, wanda ke sauke buhunan agaji. "Ka gama? Za ka koma da mu."

"Malam, rana ta kusa faɗuwa. Kuma na riga na faɗa wa Inna..."

"Ba wanda zai shiga sai ni da ita da shi. Ni zan danne shi. In mun kife, mu huɗu ne, kuma kai ka iya ruwa."

Mai kwalekwale ya dubi sama, ya dubi tsohuwar, ya yi tsaki. "Ku kawo shi."

Nan ma aka tsaya kallon-kallo, don mutum ɗaya ba zai iya ɗaga shi ba. Mai unguwa ya tattare rigarsa ya kama kusurwar ƙofar. Da aka ga dattijo ya kama, wasu mutum biyu suka matso, suna kau da fuska. Haka aka kai shi jirgi.

Inna ta ɗora kansa a cinyarta. Mahauci ya kwanta rabin jikinsa a kan ƙirjin Ƙato da ƙafafunsa. Sun yi nisa, ba tudu gaba ba tudu baya, jikin ya sanƙare ya fara fizga. Jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ta gefe.

"Danne shi! Danne shi!" mai kwalekwale yana ihu, yana dogara sanda da dukan ƙarfinsa.

Mahauci ya cije, jijiyoyin wuyansa suka fito. Inna ta riƙe kan da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana kwarfe ruwa da kwano, bakinta yana ta addu'a, ta kama wannan ta saki ta kama waccan. Ba ta san yadda aka yi abin ya lafa ba. Ta dai ga fitilun tantuna sun matso, ta ji malamar asibiti tana kiran a kawo allura.

Bai mutu ba. Motar asibiti ta yi zagayen da za ta yi ta kai shi babban asibiti, aka ce ruwa mai datti ya shiga huhunsa. Ya daɗe a kwance, Inna tana kwana a ƙasa kusa da gadonsa. Ranar da aka sallame su, wanda ya fito ba Ƙaton da aka sani ba ne. Riga ta yi masa yawa, tari ba ya barinsa, magana sai ya lalubo ta, hannun hagu yana rawa. Ɗan ƙunshin kayansu ma Inna ce ta ɗauka.

Ta sa aka kira mata 'ya'yanta a waya. Babbar ta ce su ma ruwa ya ci garinsu, a masallaci suke kwana. Ƙaramar ta yi ta kuka, ta ce maigidanta ya ce Inna ta zo ko yau, ɗaki yana nan, amma ita kaɗai, saboda yara. Inna ta ce ta gaishe shi, ta miƙa wa mai wayar abinsa.

Da suka koma ruwa ya janye, ya bar laka da wari da sauro. Suka tarar ana rabon filaye a kan tudu ga waɗanda gidajensu suka rushe. Inna ta je ta tsaya har aka watse, sannan ta matsa wurin mai unguwa.

"Inna, na yi maganarki, Allah ne shaida," ya ce, yana kallon ƙasa. "Filin kaɗan ne. Aka ce magidanta masu iyali tukuna. Ke mace ce, shi kuma ba shi da iyali. In an ƙaro, ke ce ta farko."

"Yaushe za a ƙaro?"

Ya buɗe hannuwa.

Suka gangara. Inda gidan yake tudun laka ne kawai, sai bishiyar da ke bakin ƙofa, wadda ruwa ya yi wa zobe a jiki sama da kan Inna. Mahauci ya zo ya kafa musu itatuwa huɗu, ya ɗaura tamfol ɗinsa a kai ya ce su riƙe. Shi zai yi gaba, garin da ba dabba ba wurin zaman mahauci ba ne. Inna ta raka shi har bakin hanya, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da ta dawo ta ɗauki wani guntun kwano ta fara kwashe laka daga inda ɗaki yake, ko za ta tarar da tukunyar ƙarfe ko fartanya. Ƙato yana zaune a ƙarƙashin tamfol, ya haɗa kai da gwiwa, yana kallonta. Abin da ya faru a makaranta bai tuna ba, sai guntu-guntu. Bai taɓa tambaya ba sai ran nan.

"Inna."

"Na'am."

"Ranar nan... an ce ni na ɗauki buhuna."

"Kai ne."

Ya yi tari, ya jira numfashi ya dawo. "Bangon ya tsaya?"

Ta tsaya da kwanon a hannu. "Ya tsaya."

"Ba wanda ya ji ciwo?"

"Ba kowa."

Ya gyaɗa kai a hankali, fuskarsa ta ɗan saki. "To, sun ji daɗi ke nan."

Inna ta juya masa baya, ta sunkuya ta ci gaba da kwasar laka.